Kwamfutoci, raba aji, ko muhawarar ɗalibai: ina ya kamata makaranta ta zuba kuɗinta don gyara lissafi da kimiyya?

Duk shekara da sakamakon WAEC da NECO ya fito aka ga yadda yara suka zube a lissafi da fizis, sai a kira mitin ɗin gaggawa, mai makaranta ya zauna da firinsifal da 'yan PTA, kuma kusan ko yaushe a wuri ɗaya maganar ke ƙarewa, wai a sayo kwamfutoci. Ni ban ce sayen kwamfuta laifi ba ne fa. Abin da nake so a sani shi ne akwai malaman jami'o'i da suka kwashe sama da shekara talatin suna gwada waɗannan dabaru irin gwajin da ake yi wa sabon magani, a ɗauko makarantu a yi musu ƙuri'a, wasu a ba su sabon abu wasu a bar su yadda suke, bayan wani lokaci a yi wa kowa jarabawa ɗaya a ga wa ya fi wa. To tunda kuɗin makaranta ba su taka kara sun karya ba, kuma ba za a iya yin komai lokaci ɗaya ba, gara a san abin da aka gano kafin a sa hannu a cak. Hanyoyi uku ne na ga an fi jayayya a kansu: sayen na'ura, raba yara gwargwadon abin da suka iya, da kuma sa ɗalibai su yi muhawara a tsakaninsu a cikin aji.

Mu fara da kwamfutar tunda ita ce sarauniya a wajen iyaye. A 2005 Nicholas Negroponte na jami'ar MIT a Amurka ya fito da shirin nan na kowane yaro da laftof ɗinsa, wata 'yar koriya da fari, har nan Najeriya an gwada ta a wata firamare a Galadima, Abuja. Ƙasar Peru ce ta fi kowa rungumar abin, ta sayi ɗaruruwan dubbai ta raba a ƙauyuka. Da masu bincike suka bi makarantu 319 bayan wata 15, yara sun iya sarrafa na'urar ba laifi, an ma ga ɗan ƙari a wasu gwaje-gwajen kaifin tunani, amma a lissafi da karatu babu wani bambanci tsakaninsu da waɗanda ba a ba komai ba. Dalilin ba ɓoyayye ba ne, malamin nan dai shi ne, darasin nan dai shi ne, an ƙara wa yaro kaya ne kawai a jaka.

Amma kar wani ya ɗauki wannan ya tafi yana cewa na'ura banza ce. A birnin Delhi na Indiya, Karthik Muralidharan na jami'ar Kalifoniya da ke San Diego da abokan aikinsa sun gwada wata manhaja mai suna Mindspark da ɗalibai 619 'yan ƙaramar sakandare, kuma cikin wata huɗu da rabi waɗanda ƙuri'a ta faɗa kansu sun ci gaba a lissafi kusan ninki biyu na sauran. Meye sirrin? Manhajar ba ta tambayar yaro ajinsa, gwada shi take ta ga inda ya tsaya sai ta fara daga nan. A wannan binciken ne ma suka gano cewa ɗan aji shida a can matsakaici yana baya da shekara biyu da rabi a lissafi, ɗan aji tara, wato kamar JS3 ɗinmu, kuma da huɗu da rabi. Ku riƙe wannan a zuciya don za mu dawo kansa. Sannan ku lura yaran nan zuwa suke wata cibiya bayan an tashi makaranta, kwana shida a mako, rabin lokacin a gaban kwamfuta rabi kuma da malami, ga wuta ga mai kula da kaya. A namu yanayin sai ka lissafa sola ko man janareta, da batir da yake mutuwa, da ƙurar hunturu, da mai gadi, da wanda zai gyara idan ta ƙi tashi, kafin ka ankara ɗakin ya koma wanda ake buɗewa ranar da baƙi suka zo daga ma'aikata.

Akwai ɗan tsaka-tsaki da nake so sosai. Carl Wieman, wanda ya ci Nobel a fizis a 2001, ya sa kuɗin kyautarsa wajen kafa PhET a jami'ar Kolorado a 2002, wato gwaje-gwajen kimiyya na kwaikwayo a kan allon kwamfuta, sun haura 150 yanzu, kyauta ne, kuma ana iya sauke su a yi amfani da su ba data. A nan jami'ar sun taɓa raba ɗalibai biyu, wasu suka yi firaktikal na lantarki da ainihin waya da ƙwan fitila, wasu da na kwaikwayon, abin mamaki na kwaikwayon suka fi fahimta, har da aka miƙa musu ainihin wayar su haɗa sun fi sauri. Laftof ɗaya da majigi ɗaya sun ishi makaranta ta mori wannan, ba sai an sayi arba'in ba.

Hanya ta biyu ba ta da kwalliya ko kaɗan, ba abin da za ka ɗauka a hoto ka sa a kalandar makaranta. Tushenta wani bincike ne da Michael Kremer da abokansa suka yi a yammacin Kenya a tsakiyar shekarun 1990, suka raba littattafan karatu a makarantun da ba su da su suna tsammanin maki zai tashi, sai ga shi yaran da dama can su ne zakarun aji kaɗai suka amfana, sauran ba su iya karanta Turancin da ke ciki ba ballantana su gane. Daga nan tambayar ta canza, daga me za a saya zuwa wa ake koyarwa. Abhijit Banerjee da Esther Duflo na MIT suka haɗa kai da ƙungiyar Pratham ta Indiya a farkon shekarun 2000, a biranen Vadodara da Mumbai, aka ɗauki 'yan mata na unguwa masu takardar sakandare kawai, horon mako biyu, kowacce ta ja yara 15 zuwa 20 da aka bari a baya a aji uku da huɗu ta zauna da su awa biyu kullum a kan ƙirga da tarawa da ɗebewa. Makinsu ya tashi, kuma waɗanda suka fi rauni su suka fi tashi. Su ukun nan, Kremer da Banerjee da Duflo, su aka ba Nobel ta tattalin arziki a 2019 saboda irin wannan salon bincike. Tsarin shi ake kira TaRL yanzu, koyarwa daidai matakin yaro.

Ga yadda ake yi. Malami zai zauna da yaro ɗaya ɗaya, minti kaɗan, ya nuna masa takarda: lambobi 1 zuwa 9, sai 10 zuwa 99, sai ɗebewa mai aro, sai rabawa. Inda yaro ya cije nan ne matakinsa. Sai a ware awa ɗaya ko fiye a rana a rushe ajujuwa huɗu da biyar da shida, kowa ya tafi rukuninsa, ba ruwan kowa da shekaru ko tsawo. Ɗauki 52 a ɗebe 27. Yaron da bai gane gurbin lamba ba 35 zai rubuta maka da ƙarfin gwiwarsa, don ya duba ya ga biyu ba ta kai bakwai ba sai ya juya su ya ce bakwai a ɗebe biyu saura biyar, biyar a ɗebe biyu saura uku. Idan ka ja jan biro ka wuce gobe ma haka zai yi, har ya je SS3. A rukunin TaRL zama ake a ƙasa da tsinkaye an ɗaure su goma goma da roba, yaro ya ajiye dami biyar da tsinke biyu, a ce to cire bakwai, ya duba ya ga biyu ne a hannunsa, sai wata a gefe ta ce kwance dami ɗaya mana, ya kwance, tsinkaye suka zama goma sha biyu dami suka koma huɗu, ya cire bakwai saura biyar, ya cire dami biyu saura biyu, 25. Wannan aron da Malam yake ta rubuta ƙaramin ɗaya a saman lamba shekara da shekaru, yau yaro ya kwance shi da yatsunsa. Kuɗin kayan aikin bai wuce na tsintsiya da robar ɗaure kuɗi ba.

To amma fa kar a ce ban faɗa ba, tsarin nan ya sha faɗuwa kafin ya tsaya da ƙafarsa. A jihohin Bihar da Uttarakhand na Indiya tsakanin 2008 da 2010 an horar da malaman gwamnati an ba su kaya an ce su riƙa yi a cikin darasinsu na kullum, ba abin da ya canza, don kowa ya koma kan silabus ɗinsa, ai a kansa sufeto zai tambaye shi. Sai a jihar Haryana a 2012 zuwa 2013 da aka yanke awa guda a jadawali aka ce wannan ta wannan aiki ce, kuma masu sa ido su ma sai da suka shiga aji suka koyar da kansu kafin su fara duba wasu, sannan aka ga tashi a karatu. A jihar Uttar Pradesh kuma zango zango aka yi na kwana goma ko ashirin, jimilla kusan kwana 50, aka samu babban ci gaba a karatu da lissafi duka. Sannan a binciken farko na Vadodara, shekara guda bayan an daina, ribar ta ragu sosai. Kenan ba abin da za ka yi zango ɗaya ka ce ka gama ba ne. A nan gida an fara gwada shi a Borno a 2018 tare da UNICEF, sai Kano a ƙarƙashin shirin KaLMA a ƙananan hukumomin Wudil da Dawakin Tofa ga 'yan aji huɗu zuwa shida, don haka akwai malamanmu da suka riga suka san aikin da Hausa, ba sai an ɗauko kowa daga Indiya ba.

Babbar matsalarsa a makarantar kuɗi iyaye ne. Ranar da Hajiya ta ji an haɗa ɗanta ɗan aji shida da 'yan aji huɗu suna ƙirga tsinke, gobe da safe tana ofis, kuma ba za ka ga laifinta ba tunda kuɗi take biya. Dole a kira iyaye tun kafin a fara, a nuna wa kowa takardar gwajin ɗansa shi kaɗai ba a bainar jama'a ba, a kuma sake gwaji duk bayan 'yan makonni don yaro ya ga yana hawa, kar rukunin ya zama lakabin daƙiƙai.

Ta uku kuma daga fizis ɗin jami'a ta fito. Eric Mazur yana koyarwa a jami'ar Harvard ta Amurka, ɗalibai na yabonsa suna cin jarabawarsa, sai wajen 1990 ya ci karo da wasu tambayoyi da David Hestenes da Ibrahim Halloun suka tsara a jami'ar jihar Arizona, tambayoyi ne da ba lissafi a ciki ko ɗaya, fahimta kawai suke aunawa. Ya ba ɗalibansa yana ganin wasa ne, suka sha ƙasa, har wata ta tambaye shi wai ta amsa yadda ya koya musu ne ko yadda ita take ganin abin a ranta. Wato sun haddace fomula amma tunaninsu na nan inda yake. A 1991 ya canza salo.

Bari in kawo shi ajinmu na SS1. Malam ya yi bayanin dokar Newton ta uku minti goma, sai ya rubuta a allo: tirela ta yi taho mu gama da Keke Napep, wacce ta fi dukan 'yar uwarta da ƙarfi a lokacin karon? A tirela, B Napep, C daidai suke, D ya danganta da gudu. Kowa ya yi shiru minti ɗaya, ba magana, sannan kowa ya ɗaga kati mai harafin amsarsa lokaci ɗaya. Za ka ga A ta cika aji, har da waɗanda yanzun nan suka rera dokar da baki. Malam ba zai faɗi amsa ba, cewa zai yi kowa ya nemi wanda katinsa ya saba da nasa ya shawo kansa, minti biyu zuwa uku, aji ya kaure, wani na cewa ai kowa ya san Napep ce ke lotsewa, wata na cewa lotsewa daban ƙarfin duka daban, bugi bango da ƙwai ka gani. A sake ɗaga kati, C ta ƙaru, sannan Malam ya ɗaure zancen, ƙarfin ɗaya ne, nauyi da ƙwarin jiki ne suka bambanta shi ya sa ɓarnar ta bambanta. Ƙa'idar ita ce muhawarar ta fi amfani idan kamar kashi ɗaya zuwa biyu cikin uku ne suka dace a karon farko. Idan kusan kowa ya faɗi a sake bayani, idan kusan kowa ya ci a wuce.

Nasan abin da wani malamin zai ce, ai kwafar amsar mai ƙoƙari kawai za su yi. An gwada wannan ma. A jami'ar Kolorado a 2009, ajin nazarin ƙwayoyin gado, bayan muhawara sai a ba su wata sabuwar tambaya mai kama da ta farko kowa ya amsa shi kaɗai, kuma suka fi ci, har daga rukunin da tun farko ba wanda ya san amsar a cikinsu. A jami'ar British Columbia ta Kanada a 2011 an ba wani gogaggen malami da ɗalibai ke yabo rukuni ɗaya ya yi lacca yadda ya saba, aka ba wasu matasa biyu da ba su da gogewar koyarwa ɗaya rukunin da irin wannan salo, mako guda, jarabawa ɗaya, na lacca suka samu kashi 41 ɗaya ɓangaren kashi 74. Mako ɗaya ne dai, kar a zuzuta. Wanda ya fi nauyi shi ne na Scott Freeman da abokansa na jami'ar Washington a 2014, da suka tattara bincike 225 a kimiyya da injiniyanci da lissafi, suka ga masu faɗuwa a ajin lacca zalla kusan kashi 34 ne cikin ɗari, a ajin da ɗalibai ke aiki da kansu kuma kusan 22.

Sai dai kusan duk waɗannan a jami'o'in Amurka da Kanada aka yi su, da ɗaliban da suka iya karatu kuma suna da littafi a gida. Ga kuma cin lokaci, tambaya ɗaya za ta lashe minti goma, malamin da ke tseren gama silabus kafin WAEC zai ji kamar ana ja masa birki. Rubuta tambaya mai kyau ma aiki ne, dole amsoshin ƙarya su zama ainihin kuskuren da yara ke yi, kuma malamin da shi kansa yake ganin tirela ce ta fi duka ba zai iya ba. Wani abin dariya, a Harvard a 2019 an gano ɗalibai na jin kamar sun fi koyo a lacca mai daɗi alhali makinsu ya fi a ɗaya salon, don haka ku shirya jin ƙorafin wai Malam ba ya koyarwa, surutu kawai yake sa mu. Abin da ya sa duk da haka nake ganin ya dace da mu shi ne don babban aji aka ƙirƙire shi, kuma kwali huɗu ne kayan aikinsa. Shawarata a bar yara su yi gardamar da Hausa, a rubuta tambaya da amsa da Turanci tunda da shi za a yi jarabawa. Ba sabon abu ba ne, tun 1970 Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci gwaji a jami'ar Ife inda aka koyar da yara lissafi da kimiyya da Yarbanci shekara shida, kuma ba su gaza takwarorinsu ba, a darussa da dama ma sun fi su.

To wacce za a ɗauka? Ni a ganina ba a mitin ake yanke wannan ba, a aji ake yankewa. Ku rubuta ɗebewa mai aro guda biyu da rabawa guda ɗaya, lamba uku a raba da ɗaya, ku ba kowane yaro daga aji huɗu na firamare har JS3, kai har SS1 ma kar ku ji kunya. Idan kusan rabi sun kasa, zance ya ƙare, raba aji ne aikinku, a yanke masa awa a jadawali a sa hedimasta ko mataimakinsa ya riƙa zagayawa, kuɗin kuma su tafi horar da malamai da ɗan alawus na ƙarin aikin. Yaron da ke rubuta 35 ba shi da abin da zai kawo wajen muhawarar Newton, kuma kun ga ita kanta Mindspark da ta yi nasara wannan aikin take yi, na'ura ce kawai ke yin rabon. Idan kuma yawancinsu sun wuce, matsalar ita ce hadda ba fahimta, to katunan Mazur a SS1 da SS2, tambaya ɗaya ko biyu a kowane darasi, malaman fizis da kemistiri da lissafi su riƙa zama tare duk mako suna tsara tambayoyin. SS3 da jarabawa ta ƙarato ba lokacin fara sabon salo ba ne. Idan a cikin malamanku akwai wanda ya taɓa zuwa horon SMASE na malaman lissafi da kimiyya, wanda Japan ta tallafa aka fara a Kaduna da Neja da Filato a 2006, ku jawo shi kusa, an koya musu haɗa gwaji da gwangwani da batir da abin da ke hannu.

Na'ura kuwa laftof ɗaya da majigi da ƙaramin sola saboda PhET, musamman inda ɗakin gwaje-gwaje suna ne kawai. Ɗaki guda cike da kwamfutoci yana da hujjarsa, JAMB a kwamfuta ake rubuta ta kuma yaro na buƙatar sabawa da linzami da madannai, amma a kira shi da sunansa, shirin JAMB ne, kar a sa shi a lissafin gyaran lissafi. Duk ɗan kwangilar da ya zo da tablet yana cewa za ta ɗaga maki, ku ce ya kunna, ku zaunar da yaro ɗan JS1 da kuka san bai iya rabawa ba, ku tsaya a bayansa ya faɗi tambaya uku a jere. Idan manhajar ta sauko da shi ƙasa ta fara ba shi abin da zai iya, a zauna a yi ciniki, a kuma tambaye shi wa zai gyara idan ta lalace da nawa ne sabunta lasisi duk shekara. Idan kuwa ta ci gaba da jero masa darasin JS1 ko ta kunna masa bidiyon wani yana lacca, ku ba shi kayansa.